Kyautar Soja da Idon Baba

Kwaciri, Fagge, Kano
13 ga Afrilu, 1975

Zuwa ga Baffa Maje,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga gare ni da Inna da duk mutanen gida. Ina fata kana lafiya, da aikin tashar jiragen ruwa, da zafin Ikko. Mu nan alhamdu lillahi. Ciwon ƙafar Inna ya sake ta. Ɗinki kuma yana tafiya, don tun da aka yi ƙarin albashin nan kowa a Kantin Kwari sabuwar riga yake so. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda na tsaya a makaranta.

Abin da na gani jiya da safe ne ya sa na ɗauki biro. Duk Asabar nakan goya Baba a keke zuwa Sabon Gari, shagon Cyprian mai gyaran agogo, su yi shaɗaranjinsu, darar nan da wani malami ɗan Sudan ya koya wa Baba tun yana ɗalibi. Kai ba ka taɓa zama ka kalla ba, don haka bari in faɗa maka yadda suke buɗe wasa, in ba haka ba ba za ka gane abin da ya faru ba.

In fararen 'ya'ya suka faɗo wa Cyprian, tafiyarsa ɗaya ce. Ya tura sojan da ke gaban sarki gida biyu, Baba ya tare shi da nasa. Sai ya ɗauki sojan da ke gefe, na gaban giwa, ya ajiye shi daidai bakin sojan Baba, ba mai tsaronsa. Wato ga shi nan, ci. Yana da sunansa na Turanci, gambit, Cyprian ya ce tsohon buɗi ne, ya girmi kakanninmu. Mu dai kyautar soja muke ce masa. In ka ci, sojanka ya bar tsakiyar allo ya koma gefe, Cyprian ya mamaye tsakiyar, hanya ta buɗe wa soronsa, babban ɗan da ke kusurwar allo, dokinsa da giwarsa su fito kana can kana murna. Amma shi ma ya cire wa ɗakin sarkinsa ƙyaure ɗaya, in ya yi sakaci wazirinka, wanda ya fi kowane ɗa ƙarfi, ya leƙo ta nan.

Baba bai taɓa karɓa ba. Giwarsa yake fitarwa ta tsaya tana hangen sarkin Cyprian daga nesa, ya ce, "Riƙe abinka, mai agogo, ban roƙe ka ba." Cyprian ya ce, "Malam Wali, kai ko ruwa aka miƙo maka sai ka tambayi wa ya haƙa rijiyar." Haka suke yi tun kafin a haife ni.

To, jiya farare na hannun Cyprian, amma bai ba da sojan ba. Ya fito da doki a hankali, ya bi shi da giwa, kamar mai tafiya a ɗakin da jariri ke barci. Baba yana lalube da yatsu, don yanzu sai ya taɓa yake sanin wane ne wane. Cyprian ya daɗe da yafe masa dokar nan ta abin da ka taɓa shi za ka tura. Can sai na ga Cyprian ya ajiye dokinsa inda sojan Baba zai ci shi a banza. Ba kuskure ba ne, Baffa. Na ga idonsa ya je gidan tun kafin hannunsa ya je. Baba ya lalubo dokin, yatsansa ya daɗe a kan kunnensa, sannan ya ci. Wasan ma shi ya ci, amma bai yi dariyar da yakan yi ba. Muna wajen kantin Bata a hanyar gida ya ce mini daga bayan keke, "Abdulmuminu, Cyprian ya fara tausayina."

Wannan ya kawo ni maganar ido. Na hagu dai ka sani, ya tafi tun ranar da mai cire yanar nan ya soka masa allura. Na dama ne yanzu yana ta rufe, haske da duhu kawai yake bambancewa. Na kai shi asibitin ido na Sabon Gari. Likita ya ce yanar ta nuna, ana iya yin aiki a cire ta, ya sa tabarau mai kauri ya gani. Ya kuma faɗa mana gaskiya, cewa a cikin masu yawa akan sami wanda aikin bai karɓe shi ba, ga shi Baba ba shi da wani idon a ajiye. Baba ya ce ɗan hasken nan da yake gane ketowar alfijir da shi ba zai ba da shi ba. Inna ta ce a ji ta bakinka, kai ne ƙaninsa.

Allah ya bar mu tare. Ni ne ɗanka,
Abdulmuminu

Apapa, Ikko
20 ga Mayu, 1975

Ɗana Abdulmuminu,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka, na kuma ji daɗin labarin ƙafar Innarka, Yaya Ummakulsum. Ni lafiya lau, ban da gajiya. Jiragen siminti sun cika mana teku, sun yi layi har inda ido ya ƙare, ba wurin saukewa. Takardarka ta kwana biyu a aljihuna kafin in sami zama in karanta.

Na karanta, raina bai yi daɗi ba. Shafi biyu ka cika da doki da giwa, idon mahaifinka kuwa ka ba shi ɗan abin da ya rage a ƙasa. Ban gane duk lissafinku ba, amma na gane ana bayarwa ana ci, kuma a Sabon Gari. Me ake sakawa? Mutum kamar Yaya Wali, wanda ya koyar da rabin ma'aikatan Kano, ba ya gani, ka goya shi a keke ka kai shi bakin titi a zauna ana ci da shi. In ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibansa ya wuce a mota, me zai ce?

Abin da ya fi damuna, na ga yadda ka jera maganar. Ka fara da mutumin da sana'arsa ke nan jefar da abin hannunsa ya ga abin da zai biyo baya, ka ƙare da wuƙar likita. Ina jin wannan mai agogon ne yake hure muku kunne. Ka gaya masa idon mutum ba ɗan katako ba ne da za a sake jerawa in an tashi wasa.

Ga maganata. Kada kowa ya taɓa idon nan. Hutuna sai babbar Sallah. In na zo zan taho da shi nan Ikko, akwai manyan likitoci. Kafin nan a bar yawon Sabon Gari. Ku zaunar da shi a gida, ku lallaɓa shi, kada a bar shi ya ɗauki ko buta da kansa. Abin da ya rage masa kaɗan ne, mu ne za mu tsare masa shi.

Ka gaida kowa. Naka,
Baffa Maje

Kwaciri, Fagge, Kano
8 ga Yuni, 1975

Zuwa ga Baffa Maje,

Bayan sallama da gaisuwar girma, ina fata gajiya ta yi sauƙi. Nan ruwa ya sauka sosai, kwatar layinmu ta cika har ta shiga zauren Musiliu mai tasi, maƙwabcinmu. Inna tana gaishe ka.

Baffa, ba a saka komai. Ko goro ba a sakawa. Wanda aka ci shi ne ke kwashe 'ya'yan ya zuba a gwangwani, shi ke nan hukuncin. Laifina ne da ban faɗa ba, na ɗauka ka sani. Cyprian kuma bai taɓa yi mana maganar likita ba, bai ma san mun je asibiti ba sai daga baya. In na jera maganar a yadda ta ba ka tsoro, a yadda ta zo mini ne na rubuta.

Wani abu ya faru da ya kamata ka sani. Da takardarka ta zo Baba ya ce in karanta masa. Na yi niyyar tsallake wasu wurare, amma ya san muryata. Ya ce, "Ka yi tsalle. Koma baya." Na koma. Da na zo wurin lallaɓawa da buta, sai ya ce, "To. Can ana ba ni doki, nan ana ɗaukar mini buta. Na zama kayan ajiya ke nan." Na san ba haka kake nufi ba, na kuma gaya masa. Amma maganar tsare shi a gida ba ta buƙaci umarni ba, don tun waccan Asabar bai sake cewa in fito da keke ba. Masallaci ma sai na matsa. Yana zaune a ɗaki fuskarsa wajen taga.

Makon jiya idon ya yi ja, yana ciwo har cikin kai. Musiliu ya kai mu asibiti. Likita ya ba da magani ya lafa, amma ya ce yanar ta wuce nuna, ta fara kumbura tana matse idon daga ciki. Na tambaye shi babbar Sallah. Ya ce ba zai yi mini alkawarin cewa in aka kai lokacin za a sami abin cetowa ba. Ya ce aikin kasada ne, zaman ma kasada ne, sai dai shi zaman ba ya yin ƙara.

Cyprian ya zo gaishe shi da lemo a leda, Baba ya ce a ce yana barci. Na raka shi bakin titi, kunya duk ta kama ni. Na ce masa Baba ya gane maganar dokin nan. Ya tsaya ya cire hularsa ya mayar. Ya ce, "Na ɗauka na iya ɓoyewa." Don in sauya magana sai na tambaye shi abin da na daɗe ina son tambaya, ko kyautar sojan nan ba ganganci ba ce. Ya ce ɗan ganganci bai san abin da yake saye ba, shi kuwa ya sani: soja ɗaya yake bayarwa ya sayi hanya da lokaci. Ya ce wanda ya tara sojojinsa duka ya ƙi motsi shi ma yana biya, wurin juyawa yake rasawa a hankali har ya shaƙe.

Ni ma akwai abin da na lura da shi a shekarun da na yi ina kallonsu ina jiran Baba. Ba kullum Cyprian yake ci da wannan buɗi ba, ana cin sa sosai. Akwai wani ma'aikacin gidan waya da yake karɓar sojan ya kafa masa tsaro ya hana shi sakat. Amma duk ranar da na ga an ci shi mummunan ci, ranar ce ya ba da sojan sannan zuciyarsa ta koma kansa, ya tsaya neman ƙwato shi maimakon ya fito da manyan 'ya'yansa. Kuma kyautar a taku na biyu take da daraja. In ka jinkirta har abokin wasa ya gama shiri, asara ce kawai. Wannan game da allo nake faɗa, ban ce haka ido yake ba, ni ba likita ba ne.

Ka rubuto wa Baba da kanka, ko layi biyu ne. Ba zai ce yana jira ba, amma duk ranar da na dawo daga gidan waya sai ya tambaye ni ko an yi ruwa a hanya, alhali ya ji ba a yi ba.

Ɗanka mai biyayya,
Abdulmuminu

Kwaciri, Fagge, Kano
20 ga Yuli, 1975

Zuwa ga Baffa Maje,

Sallama da gaisuwa. Shiru ya yi yawa, Allah ya sa lafiya ce ta ɓoye ka. Ban sani ba ko takardata ta watan jiya ta same ka. Inna ta ce ko fushi kake yi, na ce mata siminti ne. Mu kalau muke, sai idon Baba da ya sake tashi sau ɗaya ya kwanta.

Na saɓa maka, Baffa, gara ka ji daga gare ni. Jiya da safe Baba ya fito da babbar riga ya ce in kira Musiliu, Sabon Gari za shi. Na tuna masa maganarka. Ya ce, "Ni na goya Maje, ba shi ya goya ni ba. Kira Musiliu."

Mun sami Cyprian da gilashin nan na masu gyaran agogo a ido yana cikin wani agogo. Ya miƙe zai kama hannun Baba, Baba ya janye. Ya zauna ya ce, "Mai agogo, yau da sharaɗi na zo. Farare nawa ne. Za ka riƙa faɗa mini inda ka ajiye, ni kuma hannuna na kan cinyata. In na miƙa shi, abin da na taɓa shi zan tura, kamar kowa. In ka sake ba ni sadaka, ka gan ni na ƙarshe." Cyprian ya dubi matarsa Philomena da ke soya ƙosai a gefe, ya dube ni, ya ce, "Na ji."

Baba ya tura sojan sarki, Cyprian ya tare. Sai Baba ya miƙa hannu ya ɗauki sojan gaban giwa ya tura shi gida biyu. Philomena ta bar ƙosanta ta matso. Cyprian ya ce, "Malam Wali, ka san abin da ka ajiye kuwa?" Baba ya ce, "Na gaji da jin labari. Ci." Cyprian ya ci.

A nan ya kamata Baba ya fito da doki ya toshe wa waziri hanya. Dokin yake nufi, na ga inda hannunsa ya dosa, amma yatsansa ya sauka a kan giwa, don gidajensu na manne da juna. Cyprian ya ce, "Ka taɓa giwa." Baba ya ce, "Na ji ta." Ya fitar da ita. Nan take wazirin Cyprian ya faɗo ta ƙofar nan da aka buɗe, Cyprian ya ce sarki, wato an kai masa hari. Dole sarkin Baba ya gusa gefe da ƙafarsa, ya rasa damar shigewa bayan soro ya fake. Na ɗauka an gama. Cyprian ya ce ba a gama ba, wannan ma hanya ce sananniya, mutanen da sun bi ta da gangan.

Ashe kuwa. Baba ya fito da dokin ya kori wazirin, wazirin ya ja baya, Baba ya cika tsakiya da sojoji, ya sake korarsa. Kowane taku Baba yana fito da sabon ɗa, Cyprian kuwa wazirin nan kaɗai yake ta ja yana neman masa inuwa. Ban taɓa ganin Baba yana wasa haka ba. Ya sunkuyo gaba, leɓensa na motsi, gumi na bin gemunsa. Cyprian ya cire gilashin idonsa ya goge wuya. Musiliu da ya ce zai je ya dawo bai tafi ba, fasinja na buga masa mota ya ce ta lalace.

Sai aka zo inda soron Baba zai sauka a kan sojan da ke gadin sarkin Cyprian. A cikin kan Baba soron yana wani gida, a kan allo kuwa yana na kusa da shi. Ya miƙa hannu ya taɓa wani soja da ba ruwansa. Ya gane tun kafin a faɗa masa. Ya tura sojan. Cyprian bai ɗaga masa ƙafa ba, ya juyo da wazirin da aka wuni ana kora, taku kaɗan ya kashe sarki.

Baba ya jingina da bango ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Da ina gani da na ci ka." Cyprian ya ce, "Da ka ci ni," ya kama hannun Baba ya ɗora a kan soron, ya bi da shi gida gida ya nuna masa yadda da abin zai ƙare. Baba ya ce, "Wannan daɗin kake sha kai kaɗai duk shekarun nan?" Cyprian ya ce, "Ina miƙo maka kana cewa in riƙe abina." Baba ya lalubo gwangwani ya kwashe 'ya'yan da kansa, ya ƙi a taya shi.

A mota, ba mu yi nisa ba ya ce da Musiliu ya juya ta asibiti. Na ce, "Baba, Baffa fa?" Ya ce, "Ka rubuta masa. Ka ce na ga abu a cikin kaina, ina so in gan shi a kan allo ko sau ɗaya ne. In Allah ya karɓi hasken, nasa ne dama." An ba mu farkon watan gobe. Ban tura shi ba, Baffa, ban kuma hana shi ba. In da laifi a nan, na ɗauka.

Muna neman addu'arka. Ɗanka,
Abdulmuminu

Apapa, Ikko
11 ga Agusta, 1975

Abdulmuminu,

Salamu alaikum. Ina fata wannan ta same ku cikin alheri, ko da yake ban san a wane hali za ta same ku ba. An tura ni can cikin teku ina bin jirage da ƙaramin kwalekwale, na yi makonni ban taka ofis ba. Jiya na dawo na tarar da takardunka biyu a haɗe. Na duba kwanan wata, na ga abin da za a yi an riga an yi shi ina can ina ƙirga buhuna.

Na karanta ta biyun sau uku. Na so in yi fushi da kai, na rasa ta inda zan fara. Maganar saka kuɗi na janye ta, ka ba wa mai agogo haƙuri in ta kai kunnensa. Amma ku fahimce ni. Ina ɗakin ranar da aka soka wa idon hagu allura, ni na riƙe kan Yaya a cinyata. Da aka kwance tsumman ya tambaye mu me ya sa ba a buɗe taga ba, alhali rana na dukan fuskarsa. Kai kana yaro lokacin. Ni abin da nake gani ke nan duk sanda aka ce aiki.

Ba kayan ajiya na mai da shi ba. Mahaifinmu ya rasu ban fara tafiya ba, Yaya ne ya goya ni, shi ya kama hannuna na yi baƙin farko a kan allo. Ban san wani uba ba. Tsoro ne ya rubuta waccan takarda, ba raini ba.

In abin bai yi kyau ba, kada ka ɓoye mini, kada kuma ka karanta masa wannan. Ka buga mini waya ta ofis, zan ajiye aikin in taho ko za su kore ni.

Baffanka,
Maje

Kwaciri, Fagge, Kano
21 ga Satumba, 1975

Zuwa ga Baffa Maje,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa, ya ibada? Ina fata ka sami saƙon da na bari a wayar ofishinku, cewa an yi aiki kuma muna jira. Wanda ya ɗauka yana ta ihu ba ya ji na, ban sani ba ko ya isar. Ban rubuto ba sai yanzu don ban so in ba ka rabin labari. Inna lafiya, tana azuminta.

An yi aikin. Suka kwantar da shi rigingine, suka sa jakunkunan yashi a gefen kansa don kada ya juya, aka hana shi ko tari mai ƙarfi. Mutumin da ya ƙi a ɗaukar masa buta, sai ga shi ina ba shi kunu a cokali yana sha. Cyprian yakan zo ya zauna a bakin gado su yi wasa da baki, ba allo, har wata nas ta kore shi don Baba yana ɗaga kai in gardama ta yi zafi. Ranar da aka kwance bandejin ya ce hazo kawai yake gani, fari fat. Likita ya ce haka ne, sai ido ya warke an gwada tabarau. Makonnin nan sun yi mana tsawo. Takardarka ta zo a cikinsu, na karanta na sa a aljihu kamar yadda ka ce.

Ga gaskiyar yadda yake. Matsewar nan da aka yi ta yi ta ci gefen idon, wannan ba zai dawo ba. In kana gefensa ba ya ganin ka sai ya juyo da kansa duka. Amma abin da ke gabansa yana gani. Tabaran kauri gare shi kamar gindin kwalba, idon ya zama ƙato a ciki, kuma yana ta kuskuren nisan abu, jiya ya zuba ruwa a gefen kofi. Likita ya ce zai saba.

Ranar Alhamis muka karɓo tabaran. Da la'asar muna tsakar gida a kan tabarma, sai ya ce, "Maje ya rubuto, ko? Na ji ƙarar takarda a aljihunka tun watan jiya." Na ce ka ce kada in karanta masa. Ya ce, "Ai ban ce ka karanta ba. Miƙo."

Ya kai ta kusa da hanci, ya ja ta baya, ya juya wajen haske. Ya daɗe. Sai ya ce, "Har yanzu hannun Maje bai gyaru ba. Dubi yadda layi ke gangarawa kamar zai faɗa kwata." Daga nan ya fara karantawa a fili, kalma kalma, yatsansa na bin ƙasan layi. Ya wuce jirage, ya wuce mai agogo, ya wuce taga. Da ya zo inda ka ce shi ya kama hannunka ka yi baƙin farko, sai ya tsaya. Ya cire tabaran ya ce gumi ne ya ɓata gilashin. Ya goge da bakin riga, ya mayar, ya karanta har sunanka. Ya ninke takardar ya sa a aljihunsa, bai ba ni ba. Ya ce in gaya maka kada ka ajiye aikinka, ka zo da Sallah kamar yadda ka shirya, yana so ya ga ko ka yi furfura.

Na san kana iya cewa ɗanka ne yake kwantar maka da hankali saboda azumi, shi ya sa zan faɗa maka waɗanda ke wurin, ka tambaye su in ka zo. Inna tana bakin murhu, ta bar kunu ya kama. Cyprian da Philomena sun zo duba tabarau, suna kan benci. Musiliu yana tsaye a ƙofar zaure da makullin mota a hannu, shi ne ma ya fara cewa alhamdu lillahi.

Ni ne ɗanka,
Abdulmuminu